Baffa na Wunti da Fatar da Muka Gada

Da hantsi Allah ya karɓi ran Baffa, bayan ya sha kunu ya ce a ɗaga masa labule. Na Allah ne shi, mu ma nasa ne, kuma can muka nufa gaba ɗaya. Kafin azahar layinmu na unguwar Wunti ya cika, har masu keke suka daina shigowa, sai su sauke mutane a bakin titi su ƙarasa da ƙafa. Telolin da ke jere da shagonsa duk suka rufe.

Ina cikin gida tare da mata, amma labarin waje yana shigo mana. An ce amininsa, wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal, ya zauna a dakalin ƙofar gida ya ƙi shiga rumfa. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Yanzu wa zai yi min musu?" Tun suna samari suke musu, a kan ganin wata, a kan ko damina za ta yi kyau, a kan komai.

Mata kuwa, kusan duk wadda ta shigo sai ta ce, "Allah ya sa ciwon nan da ya daɗe yana fama da shi ya zama kaffara." Inna, matarsa, takan ɗago kai daga cikin mayafi ta ce, "Amin. Amma ba fatar ce ta kashe shi ba, hawan jini ne." Haka ta yi ta maimaitawa, har Goggo, ƙanwarsa, ta gaji.

"Ki bar su mana, ai addu'a suke yi."

"Na karɓi addu'ar," in ji Inna. "Amma akwai masu irin fatarsa a ɗakin nan suna ji. Kada su ɗauka ita ke kisa."

Da ni take, da 'yata da ke zaune a gefena.

Can da la'asar wata mata ta yi sallama, ita da wata budurwa. Babu wanda ya gane su sai Inna. Daga garin Miri suka hau babur, don a bakin wani suka ji rasuwar. Matar ta durƙusa ta kasa gaisuwa, sai kuka. Da ta samu magana ta nuna budurwar ta ce, "Shi ya ɗinka mata rigar farko da ta sa ba ta yi kuka ba."

Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutun nan. Na ga cewa idan shekaru suka ja, abin da za a riƙa tunawa a unguwa shi ne an taɓa yin wani tela mai jan fata. Baffa ya fi haka.

Yayan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Baffa ya ware wa Umma, mahaifiyata, ɗaki a gidansa, ya ce babu inda za mu je. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce min, tun ina rarrafe har na yi 'ya'ya.

Abin da ke jikinmu gado ne, kuma kashi biyu ne. Akwai kaurin fata a gwiwa, da gwiwar hannu, da tafin hannu da na ƙafa. Wannan ba ya tafiya. Ya yi duhu, ya yi kaushi, in an bar shi babu mai sai ya tsage har jini. Akwai kuma ja mai fitowa faci-faci, mai yawo, yau a kafaɗa gobe a cinya, da zafi kamar an goga barkono. A baƙar fata ba ja ne sosai ba, ya fi kama da launin goron da aka tauna. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, kuma ba ya bin kowa a gida. Na Baffa mai yawa ne. Na mahaifina, an ce, bai wuce tafin ƙafa ba. Goggo ba ta da ko ɗigo. Ni na same shi.

Zafin bazara yana tayar da jan, sanyi ma haka, ɓacin rai kuwa ya fi su duka. Shi ya sa Baffa bai iya ɓoye fushi ba. In muka yi laifi ba fuskarsa muke kallo ba, wuyansa muke kallo. In ja ya hau daga cikin riga zuwa ƙasan kunne, kowa sai ya nemi aikin yi. Inna takan yi masa tsiya ta ce, "Malam, bakinka ya ce ba komai, wuyanka ya ce akwai."

Kullum bayan ya dawo daga sallar asuba zai zauna a kan kujerar tsugunne da bahon ruwan ɗumi, ya jiƙa ƙafa da hannu, ya goge da dutse a hankali, sannan ya shafa man kaɗanya har jikinsa ya yi sheƙi. Da na fara wayo ya sa aka sayo min ƙaramin baho.

"Uwata, kawo ƙafar nan."

Nakan yi ƙorafi. Yaran gida na barci ni ina goge kaushi. Wata rana na tambaye shi yaushe za mu gama. Ya ce, "Mai gona ya taɓa tambayar yaushe zai gama shiga gona? Wannan ce tamu. Miƙo ɗayar." Bai taɓa yi min alkawarin zai warke ba, ko sau ɗaya. A lokacin na ɗauka rashin tausayi ne.

Yatsunsa sun yi kaurin da allura ba ta huda su, amma a layinmu ya fi kowa iya ɗinkin hannu. Kuma shi ke fara miƙa hannu a gaisuwa. In baƙo ya yi turus, ba ya janyewa. Sai ya bar hannun a miƙe ya ce, "Karɓa, ba a ɗauka. Da ana ɗauka da matata ta fi ni ja." Yawanci sai a yi dariya a gaisa. Wanda ya ƙi, Baffa ba ya riƙe shi a rai, amma ba ya sake miƙa masa.

Akwai wata maƙwabciyarmu da na shiga gidanta wasa ina 'yar ƙarama. Na nemi ruwa, ta ba ni a wani tsohon gwangwani, da na sha ta tura shi bakin rariya da ƙafa. Na tafi shagon Baffa ina kuka. Na ga jan ya hau wuyansa, na ɗauka gidan zai nufa. Bai je ba. Ya ɗora ni a kan benci ya ci gaba da taka keken ɗinki. Da Sallah ta zo, mijin matar ya zo karɓar kayan yaransa kamar yadda ya saba. Baffa ya ninke su ya miƙa masa ya ce, "Kayan nan hannuna ya taɓa su ciki da waje, shekara da shekaru. Ka taɓa ganin wani abu a jikin yaranka?" Mutumin ya ce a'a. Baffa ya ce, "To ka faɗa a gida." Ranar rasuwar Baffa matar nan, ta tsufa yanzu, ita ta wanke kwanukan gidanmu duka, kuma a tire ɗaya muka ci da ita.

Matar Miri kuwa, ga yadda aka yi. Ta zo cikin gari da jaririya a goye tana neman magani. Jikin yarinyar duk ya yi kauri yana saɓa, a garinsu an ce mata ƙetare wani abu ta yi da ciki, wasu ma suka daina karɓar abu daga hannunta. Wani mai keke ya ce ya san wani tela mai irin wannan jikin, ya sauke ta a ƙofar shago. Baffa ya tsayar da aiki, ya nannaɗe hannun riga ya nuna mata damtsensa. Ya ce, "Dube ni. Na yi aure, na haifa, ina ci da hannuna. Ita ma za ta girma in Allah ya so." Ya kawo ta gida, Inna ta nuna mata yadda ake jiƙa fata da shafa mai. Ya ce lallai ta kai ta wurin likitan fata, don ba lallai nata irin namu ba ne. Sannan ya lura rigar yarinyar mai santsi ce da ke riƙe zafi, haɗin ɗinkin kuma yana gurzar ta a hammata. Ya yanko yadin auduga mai laushi ya ɗinka mata riga, ya juyo haɗin ɗinkin waje. Tun daga ranar mutane suka riƙa turo masa irin waɗannan yara. Ni ma duk rigunan da na sa a ciki har na girma haka suke, haɗinsu a waje.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Yana da taurin kai, kuma ya ƙi jinin a tausaya masa. Ya taɓa korar wani mai tallan magani da ya tsaya a ƙofar shago yana nuna shi wa jama'a, har ya bi shi da almakashi a hannu bai san yana riƙe da shi ba. Bai iya ba da haƙuri da baki ba. In ya ɓata wa Inna rai, sai dai ta ga sabuwar riga a kan gado.

Babban rikicinsa da Umma a kaina aka yi shi.

Na gama makaranta, wani ya fito neman aurena, ina son sa. Ya san ina da kaushin hannu, bai san sauran ba, don jan nawa a baya da cinya yake, tufafi na rufe shi. Aka sa ranar da magabatansa za su zo. Baffa ne waliyyina. Ana gobe, Umma ta same shi a tsakar gida bayan la'asar.

"Yaya, ina roƙon arziki. In sun zo, a yi maganar aure kawai."

"Wace maganar ce ba ta aure ba?"

"Ka sani. Maganar fatar nan. Bayan an ɗaura sa gani da kansu."

Ya ce, "Ba zan iya ba."

Washegari a zaure, bayan an gaisa an yi addu'a, ya ce musu akwai abin da yake so su ji daga bakinsa. Ya nuna musu hannunsa ya ce 'yarsa tana da shi, a jini yake, kuma cikin 'ya'yan da za ta haifa wani zai iya zuwa da shi, wani ba zai zo da shi ba. Ya ce su je su yi shawara. Suka yi godiya suka tafi. Ba su dawo ba. Saurayin ma ya ɗauke ƙafa.

Ban taɓa jin Umma ta ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar da ta tabbata an fasa. Ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta ce, "Daga gidanku ta samo shi, ban ce komai ba. Na goge, na shafa, na yi jinya. Yanzu kuma ka hana ta miji. Marainiya ce don Allah, me ta yi maka?" Wuyan Baffa ya yi ja har kunne. Ya sa takalmi ya fita. Daga nan Umma ta daina zama inda yake. Gaisuwar safe kawai, ita ma daga bayan labule. An daɗe a haka, har damina ta zo ta wuce.

Ni kuwa kuka na yi ta yi. Wata rana da yamma Baffa ya aiko in kai masa ruwa shago. Da na je ya ce in zauna. Yana ɗinki, bai dube ni ba, ya fara ba ni labarin mahaifiyarsa.

Ya ce da aka haife shi jan ya fito, dangin mahaifinsa suka ce daga wurinta ne. Suka ce wani abu ta ci, ko wani wuri ta bi da bai kamata ba. An kai ta wurin masu magani, an yi mata turare, an hana ta taɓa tukunyar gida. Alhali mahaifinsa na da kaurin tafin ƙafa da gwiwa, kakansa ma haka, amma babu wanda ya faɗa mata kafin aure, babu kuma wanda ya buɗe baki bayan haihuwa. Ya ce yana yaro yakan farka ya gan ta tana shafa masa mai tana cewa, "Ka yafe min." Har ta koma ga Allah tana ganin laifinta ne.

"Uwata," ya ce, "in na rufe maganar, ranar da kika haifi mai irinsa, ke za a tsayar a tsakar gida. A ce kin yaudare su. Gara su gudu yau kina gidanku da su wulaƙanta ki gobe kina nasu. Na san ya yi miki zafi. Ko gobe wasu suka zo, haka zan faɗa."

Ban ce masa na yarda ba. Na dai ɗauki kofin na koma gida. Amma daga ranar kukan ya ragu.

Bayan an kwana biyu wanda ya zama maigidana ya fito. Baffa ya sake zama a zauren nan ya faɗi abin da ya faɗa a da, bai rage komai ba. Umma na ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. An ce kawun maigidana, wani tsoho mai kiwon shanu, ya kama hannun Baffa ya juya shi ya duba ciki da baya, ya ce, "Mun ji, mun gani. Wanda bai ɓoye mana wannan ba, ba zai ɓoye mana wani abu ba. A ba mu." Aka ɗaura.

Ɗana na fari ya zo fatarsa sumul. Ta biyu, mace, tana 'yan watanni na ga ja a bayanta ina mata wanka. Na san shi, ba sai an faɗa min ba. Na zauna a bakin baho na kasa ɗaga ta. Surukata ta shigo ta gani. Na jira abin da za ta ce. Sai ta ce, "Ai an faɗa mana. Miƙo ta kada ruwan ya huce." Ta naɗe ta a zani ta tambaye ni wane mai ake shafawa.

Da Umma ta ji, ta zo ta goya yarinyar da kanta, ta hau keke zuwa Wunti, ta wuce gida ta tsaya a ƙofar shago. Ta kwance goyon ta miƙa wa Baffa ta ce, "Yaya, ga ta. A auna ta." Ya karɓe ta, ya ɗauko tef ɗin awo. Babu wanda ya ambaci abin da ya wuce. Inna ta ce da daren ranar Umma da kanta ta zuba masa tuwo.

Tare da shi muka kai yarinyar wurin likitan fata. Shi bai taɓa zuwa don kansa ba. Likitar ta duba yarinyar, ta duba ni, sannan ta roƙi Baffa ya bari ta duba shi. Ta faɗi wani dogon suna da Turanci, ta ce abu ne da ba a cika samu ba, daga iyaye yake bi, babu abin da ke raba mutum da shi amma akwai mayukan da ke tausasa shi. Ta ce abin da muke yi na jiƙawa da shafa mai mu ci gaba. Baffa ya tambaye ta, "Akwai abin da uwa za ta ci ko ta taka da zai jawo shi?" Ta ce babu. Ya sake tambaya, ta sake cewa babu. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, ya ce, "Ashe har suna gare shi. Ina ma mahaifiyata ta ji."

A ƙarshen rayuwarsa ɓarin jikinsa ya shanye. Abin da ya fi damunsa ba rashin tafiya ba ne, a'a, a ce wani ne zai shafa masa mai. Da farko ya ƙi, har ƙafarsa ta tsage. Inna ta ce masa, "Malam, ka yi wa 'ya'yan mutane, yanzu ka hana mu lada?" Sannan ya bari. Duk safiya nakan biyo kafin in wuce aiki, in jiƙa masa ƙafa, Inna ta yi hannu. Maganarsa ta yi nauyi, amma in na yi sauri sai ya ce, "A hankali, Uwata. Ba haka na koya miki ba."

Babban ɗansa da limamin unguwa suka yi masa wanka. Da suka gama, kafin a rufe fuskarsa, aka ce iyali su shigo su yi masa addu'a. Ɗan nasa ya tare mu a ƙofa, idonsa jawur, ya ce, "Inna, jan ya tafi. Babu ko ɗaya a jikinsa."

Muka shiga. Haka ne kuwa. Wuyansa, gefen fuskarsa, duk sun koma launi ɗaya, sun kwanta lif. Ban taɓa ganinsa haka ba. Goggo ta ce, "Allahu akbar, dubi yadda ya yi kyau." Inna ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Sannan ta sunkuya ta dafa goshinsa.

"Ni da jansa na san shi," ta ce. "Ya Allah, ka tashe shi da fata lafiyayya, wadda ba ta zafi ba ta tsagewa. Amma ka bar min ɗan abin da zan gane shi."

Muka ce amin. Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa ya sanyaya shi, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a inda babu mai neman yafiyar abin da bai yi ba. Mu kuma da ya bari, Allah ya kyautata namu zuwan.